Abin da aka gano a jinin ɓera

Duk wanda ke da ɗan tabon nan na rigakafin jarirai a dantsensa, ya san allurar BCG ko da bai san sunanta ba. Ita ce ta tarin fuka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da wannan allurar ce masu bincike a birnin New York suka tilasta wa jikin ɓera ya fito da wani sinadari mai ruɓar da ƙarin ciwon daji, wato kansa, sinadarin da yau aka sani da TNF.

Labarin ya faro ne daga wani likitan tiyata, William Coley. Ya lura cewa wasu masu ciwon daji kan samu sauƙi bayan wata cutar fata mai zafin zazzaɓi ta kama su. A 1891 ya yi ƙarfin halin yi wa wani majinyaci allurar ƙwayoyin bakteriya masu rai, mutumin ya sha zazzaɓi kamar zai mutu, ƙarin da ke wuyansa kuma ya janye. Daga baya Coley ya koma amfani da matattun ƙwayoyin. Wasu sun warke, da yawa ba su warke ba, kuma babu wanda ya iya faɗin dalili. Da gasa ƙari da hasken radiyashan ya samu karɓuwa, sai aka jingine hanyarsa.

Tambayar dai ba ta mutu ba. A 1943 Murray Shear ya ware dafin da ke jikin ɓawon wata irin bakteriya, wanda ake kira endotoksin, ya kuma nuna cewa yana sa ƙari ya yi ta zubar jini a cikinsa har ya lalace a jikin ɓera. Amma akwai abin ɗaure kai. In aka zuba dafin kai tsaye a kan ƙwayoyin kansa a cikin kwanon gwaji, ba ya yi musu komai. Ke nan ba shi ke kisan ba, aike yake yi.

Ɗan aiken nasa shi Elizabeth Carswell da Lloyd Old da abokan aikinsu suka kamo a cibiyar Sloan Kettering, suka wallafa a 1975. Hanyar tasu hawa biyu ce. Da farko sai a yi wa lafiyayyen ɓera allurar BCG, a bar shi kamar mako biyu. A tsawon wannan lokaci saifarsa da hantarsa kan kumbura, saboda wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj sun yawaita, sun kuma shiga shirin faɗa. Sunan nasu daga Girkanci yake, ma'anarsa babban maci, mu ce acici, domin aikinsu na kullum haɗiye ƙwayar cuta da matattun ƙwayoyin jiki. Sannan a yi wa ɓeran allurar dafin nan. Bayan kamar awa biyu a ɗebi jininsa, a tace ruwan, a ɗura wa wani ɓeran da aka dasa wa ƙari a ƙarƙashin fata. Kafin a kwana a wuni, tsakiyar ƙarin ya yi baƙi ƙirin, ya mutu. Ruwan jinin ɓeran da aka yi wa BCG kaɗai bai yi wannan aiki ba. Sai an wasa wuƙar kafin a zare ta.

Ruwan jinin mai ɗauke da TNF, saɓanin dafin, yana kashe wasu ƙwayoyin kansa a kwano, ya ƙyale lafiyayyu. Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a cikin jiki ba ta nan yawancin ɓarnar ke zuwa ba. Ƙari ba ya girma sai da sababbin jijiyoyin jini da yake janyowa su ciyar da shi, kuma jijiyoyin nan gina-gaggawa ne, ba su da ƙwari. TNF kan far wa bangonsu, su riƙa yoyo, jini ya daskare a ciki, hanya ta toshe. Baƙin da aka gani nama ne da aka yanke wa abinci da iska.

A 1984 masana a kamfanin Genentech suka gano ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin ɗin TNF, aka samu damar sarrafa shi da yawa. Murna ta cika gari. Ba ta daɗe ba, kuma abin da ya rage mata armashi ya ɓullo ne ta inda makiyayi zai fi kowa ganewa. Anthony Cerami na Jami'ar Rockefeller ya daɗe yana mamakin shanu masu sammore, cutar ƙudan tsando, da ya gani a Kenya: saniya ta rame ta zama ƙashi da fata, alhali ƙwayoyin cutar da ke jininta ba su taka kara sun karya ba. Ya yi zargin cewa jikin ne ke fitar da abin da ke cinye shi. A 1985 shi da Bruce Beutler suka ware abin daga makrofaj na ɓera, suka sa masa suna kakektin. Da aka duba tsarinsa, sai ga shi TNF ne sak.

Ashe mai kashe ƙarin shi ne mai rama, shi ne mai zazzaɓi, shi ne kuma ke sa jini ya faɗi warwas idan bakteriya ta mamaye jiki. Binciken da aka yi a Gambiya ma ya tarar da shi da yawa a jinin yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Da aka gwada shi a kan masu kansa, sai aka tarar mutum ba ya jure adadin da zai taɓa ƙarin. Karkarwa da faɗuwar jini kan riga maganin isa inda ake so. Ni dai tun da na karanta wannan tarihi, in na ga kanun labari wai an warkar da kansa a jikin ɓera, nakan fara tambayar wane irin ƙari ne. Wanda aka dasa jiya a ƙarƙashin fatar ɓera matashi daban yake da wanda ya shekara yana girma a jikin mutum yana koyon ɓuya.

An dai samo masa gurbi ƙarami. Idan kansar tana hannu ko ƙafa, likitoci kan ɗaure gaɓar, su raba jininta da na sauran jiki, su zagaya TNF da maganin melfalan ta cikinta da inji, sannan su wanke kafin su kwance. Turai ta amince da wannan a 1999, kuma ya ceci gaɓoɓin da da yanke su za a yi. Ita kuwa BCG, tun 1976 ake ɗura ta a mafitsara don maganin kansar wurin.

Babban amfanin da aka ci daga TNF ya zo ne ta toshe shi. A Landan, Marc Feldmann da Ravinder Maini sun nuna cewa shi ke rura wutar wani nau'in amosanin gaɓɓai wanda garkuwar jiki ke far wa mai ita, kuma magungunan da ke kama shi sun shiga kasuwa a 1998. Sai dai kafin a ɗora mutum a kansu, dole a fara gwada shi ko yana ɗauke da tarin fuka a kwance, domin TNF ne ke riƙe da katangar da jiki ya kewaye ƙwayar da ita.