Hanyar Samun Digiri Mai Daraja Ta Ɗaya a Sashen Turanci

Gabatarwa

Akwai wata magana da na daɗe ina ji a bakin 'yan'uwanmu na sashen Turanci, wai a sashensu ba a samun digiri mai daraja ta ɗaya, domin malami ba ya ba da maki 70 a kan dogon bayani, ko da Shakespeare ne ya dawo duniya ya zauna jarrabawar. Ni ɗalibin Hausa ne, amma tun daga aji ɗaya nake ɗaukar kwasa-kwasan zaɓi a can, kuma abokin da muke ɗaki ɗaya da shi ɗan sashen ne. Yaro ne mai kaifin basira, sai dai bai taɓa zama ya lissafa makinsa ba sai da ya shiga aji uku. Ranar da ya yi lissafin, ya tarar tun a shekarar farko ƙofa ta rufe. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi wa ƙannenmu bayani tun da wuri, domin da sanyin safiya ake kama fara.

Yadda Ake Lissafin Maki

A yawancin jami'o'in Nijeriya ana amfani da ma'auni mai maki 5. Wanda ya ci 70 zuwa 100 ya sami A, wato maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, maki 3. Haka abin yake sauka har zuwa F, wanda ba shi da maki ko ɗaya. Kowane kwas kuma yana da nauyinsa, wanda muke kira yunit. Ana ninka makin da yawan yunit, a tara, sannan a raba da jimillar yunit ɗin. Misali, A a kwas mai yunit 3 ya ba da 15, C a kwas mai yunit 2 ya ba da 6. An sami 21 ke nan, in aka raba da 5 sai a sami 4.20. Matsakaicin dukkan shekarun karatu shi ne abin da muka fi sani da CGPA, kuma daraja ta ɗaya tana farawa ne daga 4.50.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu ɗauka yawan yunit na kowace shekara daidai yake, kuma karatun na shekara 4 ne. Ɗalibin da ya gama aji ɗaya da 3.50 yana buƙatar kusan 4.83 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. Wanda ya gama da 3.00 sai ya ci A a kowane kwas har ya fita. Wanda kuwa ya yi ƙasa da haka, lissafi ya riga ya fitar da shi, komai ƙoƙarinsa daga baya. Abin da ya sami abokina ke nan. Saboda haka kada ɗalibi ya raina kwasa-kwasan gama-gari na aji ɗaya, kuma ya fi ba da ƙarfi ga masu yunit da yawa, musamman kundin digiri na shekarar ƙarshe, wanda sau da yawa yakan kai yunit 6. Haka nan gwaji da aikin gida sukan ɗauki maki 30 ko 40 cikin 100. Wanda ya shiga jarrabawa da 12 cikin 30, sai ya ci 58 cikin 70 kafin ya ga A.

Ɓangaren Harshe

Kamar dai a sashenmu, karatun Turanci ya kasu gida biyu: harshe da adabi. Kwasa-kwasan harshe, wato furuci, tsarin sauti, ginin kalma, ginin jimla da ilimin ma'ana, su ne rumbun maki, domin amsarsu ko daidai ce ko kuskure. Idan aka ce ɗalibi ya fayyace jimla ta hanyar li'irabin bishiya, kuma ya yi daidai, babu malamin da zai hana shi haƙƙinsa. Amma ba a haddace su daren jarrabawa. Daidaitaccen Turancin Ingila yana da sautuka 44, baƙaƙe 24 da wasula 20, alhali haruffan rubutunsa 26 ne kawai. Sai da yawan gwaji kunne yake rarrabe wasulan nan. Ni da ban tashi da Hausa a gida ba, na san wahalar da na sha kafin in bambanta gajeren wasali da dogo, ko ƙ da k. Abin da ya cece ni shi ne rubuta kalmomi 10 da alamomin furuci kowace rana. Da na gwada dabarar a kwas ɗin Turanci, ta yi mini aiki.

Ɓangaren Adabi

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke tsayawa a kan B da C, kuma dalilin a fili yake: an tambaye su nazari, su kuwa sun ba da labari. Mu ɗauki littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, na shekarar 1958. Idan aka tambayi abin da ya jawo faɗuwar Okonkwo, ɗalibi mai neman C zai cika shafi 4 yana maimaita labarin daga kokawa har zuwa rataya. Mai neman A kuwa zai faɗi matsayinsa a sakin layi na farko, misali cewa tsoron kada ya yi kama da mahaifinsa Unoka ne ya halaka shi. Sannan ya kawo hujja daga cikin littafin: yadda ya sa hannu a kisan Ikemefuna bayan dattijo Ezeudu ya gargaɗe shi, da yadda shekara 7 da ya yi yana gudun hijira a Mbanta ba su sassauta halinsa ba. Daga nan ya kawo ra'ayin masu cewa zuwan Turawa ne sanadi, ya auna shi, ya nuna inda ya yarda da inda ya saɓa. Wannan ba zai yiwu ba ga wanda ya dogara da taƙaitaccen bayani na intanet ko ɗan littafin tambaya da amsa. Dole a karanta littafin kansa, in da hali sau biyu, da fensir a hannu.

Sai kuma tsabtar harshe. A sashen Turanci, Turancin da aka rubuta amsa da shi ma ana duba shi. Kuskuren nahawu da malamin tarihi zai iya kau da kai a kansa, a nan yakan rage maki. Yana da kyau ɗalibi ya bar minti 10 na ƙarshe don sake duba abin da ya rubuta.

Kammalawa

Ba ina cewa daraja ta ɗaya ita ce ma'aunin basira ba. Shi kansa Achebe da digiri mai daraja ta biyu ya fita daga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarar 1953. Amma ga talaka ɗan talaka, tana buɗe ƙofar tallafin ƙaro karatu, kuma takan sa jami'a ta duba yiwuwar riƙe mutum a matsayin mataimakin malami. Shawarata ga 'yan aji ɗaya, na Turanci da na Hausa baki ɗaya, ita ce da zarar sakamakon zangon farko ya fito, kowa ya ɗauki biro ya lissafa makinsa da kansa, ya san abin da ya rage masa. Allah ya ba mu sa'a, amin.