Ko Kun Sani? Garin da Aka Gina da Duwatsu Masu Lu'ulu'u

Ganuwa da tsofaffin gine-ginen Nördlingen, wani ƙaramin gari mai tarihi a jihar Bavariya da ke kudancin Jamus, cike suke da ƙwayoyin lu'ulu'u waɗanda ido ba ya iya gani saboda ƙanƙantarsu. Garin yana zaune ne a cikin wani makeken kwari mai faɗin kimanin kilomita 25, wanda ya samu sa'ad da wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin samaniya shekaru kusan miliyan 15 da suka wuce, kuma tsananin zafi da matsin wannan karo ne suka mayar da sinadarin kabon na duwatsun wurin ya zama lu'ulu'u. Da irin wannan dutse, wanda masana ke kira suevite, magina suka tayar da Majami'ar Georg da hasumiyarta mai tsawon mita 90 da ake wa laƙabi da Daniel, inda har yau mai gadi yake leƙowa da dare yana ƙwala kira, kamar yadda aka gada tun ƙarnonin baya.