Fatar Ƙarfe: Abin Da Ke Sa Haƙorin Dashe Ya Daɗe A Baki

A shekarar 1952, wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sanya wata 'yar na'ura ta ƙarfen taitaniyam a ƙashin ƙafar zomo domin nazarin gudanar jini. Da ya zo cire ta, sai ta ƙi fita, ƙashi ya riƙe ta gam. Nan ne tushen dashen haƙori na zamani. A 1965 ya dasa wa mutum na farko irin wannan ƙusa a muƙamuƙi, ta kuma yi aiki sama da shekara 40.

Sirrin yana a bayan ƙarfen. Da zarar iska ta taɓa taitaniyam, sai wata fata mai matuƙar siranta, wadda ido ba ya gani, ta lulluɓe shi. Ita ke hana tsatsa, ita kuma ƙashi ke kamawa.

Sai dai baki wuri ne mai wuyar zama. Tauna kan sa ƙusar da mahaɗin da ke ɗauke da haƙorin su riƙa gugar juna, fatar ta karce. Tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, idan ya haɗu da sinadarin fuloraid mai yawa, yana raunana ta. Guga na buɗe wa tsatsa ƙofa, tsatsa kuma na ƙara wa guga ɓarna. Ɓurɓushin ƙarfen da ke zubewa na cikin abubuwan da masana ke zargi da rura kumburin dasashi da zaizayewar ƙashi.

Shi ya sa masana'antu suka mai da hankali ga gyaran bayan ƙarfen. Kamfanin Straumann na Suwizalan ya shahara da dabarar SLA: a feshe ƙusar da tsakuwa mai ƙanƙanta, sannan a tsoma ta a asid har ta yi kaushi. Wannan ya rage jiran warkewa daga wata 3 zuwa 6 ya koma mako 6 zuwa 8. A shekarar 2000, Nobel Biocare ya fito da TiUnite, inda ake amfani da lantarki a kaurara fatar nan ta asali. Akwai kuma rufin taitaniyam da naitirojin mai launin zinare, wanda ya fi ƙarfen tauri ƙwarai, akan shafa shi a mahaɗi don jure guga.

Ba kowace dabara ce ta ci nasara ba. An taɓa yayin fesa wa ƙusa sinadarin da ke cikin ƙashi, amma wani lokaci rufin kan ɓare.

Matsalar da ta rage ita ce, kaushin da ƙashi ke so, shi ƙwayoyin cuta ke so. Don haka akan bar ɓangaren da ke cikin ƙashi da kaushi, wuyan da ke taɓa dasashi kuma a bar shi sumul.

Ga mai shirin dashe a Abuja ko Legas, haƙƙinsa ne ya tambayi likita sunan kamfanin ƙusar da irin gyaran da aka yi mata, ya kuma adana bayanin. Bayan haka, goge baki, barin taba da zuwa duba lafiya a kan kari su ne nasa aikin.