Sifesa a Ƙafar Mota: Lambobin da Za Ka Duba Kafin Ka Ɗaura

Idan kana bibiyar bidiyon motoci a TikTok ko YouTube, ka sha ganin ƙananan motocin tsere da tayoyinsu suka fito daidai da gefen bodi, motar ta yi faɗi, ta zauna daram. Sau da yawa ba sabon rim mai motar ya saya ba. Wani faifan ƙarfe ne da ake kira sifesa ya saka tsakanin rim da cibiyar ƙafar mota. Kallo ɗaya za ka ɗauka ado ne kawai, amma wannan faifan yana canza lissafin da injiniyoyi suka yi wa ƙafar, kuma idan aka yi kuskure taya na iya ficewa ana cikin gudu.

Bari mu ɗauki mota ɗaya a matsayin misali: Toyota GT86, wadda Toyota da Subaru suka haɗa gwiwa suka fitar a 2012, tagwayen Subaru BRZ. Tana cikin motocin da masu gyare-gyare suka fi saka wa sifesa, domin tayoyinta na asali sirara ne, 215/45R17, kuma sun ɗan shige ciki.

Me sifesa ke canzawa?

Kowane rim yana da lambar da ake kira ofset, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar rim da fuskar da ke manne wa mota. Na GT86 milimita 48 ne. Ka saka sifesa mai kaurin milimita 20, ofset ɗin ya koma 28, kuma tazarar da ke tsakanin taya ta hagu da ta dama ta ƙaru da milimita 40.

Amfaninsa shi ne kyan gani, da samar da wuri idan an saka babban birki. Illarsa kuwa, ka tuna yadda bokitin ruwa ke ƙara nauyi idan ka miƙe hannu da shi. Haka nauyin mota ke yi wa boris ɗin ƙafa idan aka tura taya waje, sai ya riƙa saurin lalacewa. A gaba kuma, sitiyari zai fi jin kowane rami, har ya riƙa fizga idan an taka birki a hanya marar kyau.

Lambobi huɗu

Na farko, tsarin ƙusoshi. GT86 tana da 5x100: ƙusoshi 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Sifesa mai 5x114.3, irin na motocin Japan da yawa, ba zai shiga ba.

Na biyu, ramin tsakiya, milimita 56.1. Sifesa mai kyau yana zama cif a kan cibiya, kuma yana da nasa leɓe da rim zai hau. Wanda ba shi da leɓen yana sa taya ta ɗan karkace daga tsakiya, sai ka ji sitiyari na rawa idan gudu ya yi nisa.

Na uku, kuma mafi haɗari, yawan zaren da noti ke kamawa. Ƙusoshin motar M12x1.25 ne, wato kaurinsu milimita 12, kuma kowane juyi ɗaya na noti yana tafiyar milimita 1.25. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce noti ya kama aƙalla tsawon kaurin ƙusar, kusan juyi 10 ke nan. Sifesa mai milimita 5 kaɗai yana cinye juyi 4. Shi ya sa ko siririn sifesa kan buƙaci a sauya ƙusoshi da dogaye. Masu kauri, kamar 20 ko 25, ana ɗaure su a jikin cibiya, sannan su zo da nasu ƙusoshin da rim zai hau. A nan ka tabbata tsofaffin ƙusoshin ba su leƙo sun tokare bayan rim ba.

Na huɗu, ƙarfin ɗauri: Nm 120 ga wannan mota. Da sifana mai awo ake yi, ba a hau kan sifana da ƙafa ba. A goge tsatsa daga fuskar cibiya tukuna, sannan a sake duba notocin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Sauran gyare-gyare

Masu saka sifesa kan rage tsayin mota da gajerun sifirin. Wannan yana canza kwanciyar taya, don haka dole a sake yin alaimen, kuma taya da aka tura waje na iya gugar bodi idan motar ta dira a rami. GT86 dama a ƙasa take, ka yi tunanin tudun rage gudu da ke unguwarku kafin ka ƙara sauke ta.

Akwai kuma sauya manhajar kwamfutar injin ta kafar OBD-II. Kamar yi wa waya rutin ne: za ka iya samun ƙarin ƙarfi, amma garanti na iya tafiya, kuma manhajar da aka tsara don fetur mai inganci sosai tana iya lalata injin idan man da kake sha bai kai ba.

A Jamus, sifesa sai da takardar amincewa, wasu ma sai an kai motar an duba ta a wurare irin su TÜV. Inda babu mai duba maka, aikin ya koma kanka. Kafin ka tura kuɗi, nemi lambobin nan huɗu na motarka a littafinta, ka gwada su da abin da mai sayarwa ya rubuta. Idan bai rubuta su ba, nemi wani.