In Maigida Ya Yi Shiru



Maigida ya dawo daga mayankar Oko-Oba a nan Agege, ga kuɗin haya ya taso, kuka sami saɓani, sai ya yi gum. 'Yar'uwa, kada ki ɗauka raini ne, sau da yawa gajiya ce da tsoro.

Dubi 1 Sarakuna 19. Da Yezebel ta yi wa Iliya barazana, ya gudu jeji, har ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da tambaya ba. Sau biyu mala'ika ya tashe shi ya ci abinci. Sai a Horeb, bayan tafiyar kwana 40, aka tambaye shi.

Ki ajiye masa tuwonsa, ki ce maganar tana nan sai gobe. Goben kuwa ki ta da ita a hankali.