Malafar Jaji: Yadda Nana Asma'u Ta Kai Karatu Har Cikin Tsakar Gida

A gidajenmu da yawa, yarinya na kai shekara 13 ko 14 sai a ce karatu ya isa, saura tukunya da ɗakin miji. Ana kuwa jingina wannan ga addini. Ya kamata iyaye su san cewa kusan shekara 200 da suka wuce, wata malama ta riga ta amsa wannan magana a aikace.

Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an haife ta a Dagel a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864. Mahaifinta, Allah Ya jiƙan sa, ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albab da barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci, alhali suna karantar da almajiran waje. Ita kuwa, a wajejen 1830, ta lura matan karkara ba za su iya zuwa zauren malam ba, sai ta kafa ƙungiyar Ƴan Taru.

Ga yadda abin yake. Kowane ƙauye yana da jaji, dattijuwa amintacciya wadda Nana ta naɗa. Ita ke jagorantar tsofaffi da ƴan mata ƙanana, a ƙasa, har gidan malama. Su ɗauko karatu, su komo su biya wa matan aure da ke cikin kulle. Darasin kuwa a waƙe yake, da Hausa ko Fulatanci, domin mace ta haddace shi tana kaɗi ko tana daka. Sunayen surori 114 na Alƙur'ani ma ta tsara su a waƙa guda.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne malafar. Ita ce alamar Innar Gobir, shugabar matan bori, sarautar da mutanen Tsibiri a Maraɗi suka sani sarai. Nana ta ɗauki wannan malafa ta naɗa mata jan rawani, ta ɗora wa jaji. Yarinyar da ta ga kakarta ta shigo gari da rawani, mutane na kauce mata hanya saboda ilimi, wa zai ƙara gaya mata cewa malanta ta maza ce kaɗai? A wata waƙar kuma ta jero mata salihai, tun daga matan Manzon Allah (SAW) da Rabi'atul Adawiyya har zuwa matan zamaninta da masu sauraro suka sani ido da ido.

Ba ta ce wa kowa ta bijire wa mijinta ba. Ita kanta matar Waziri Giɗaɗo ce, uwar ƴaƴa. Amma ta raba wa mata abin da shari'a ta wajabta da abin da al'ada kawai ta ɗora musu. Bayan rasuwarta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da naɗa jajoji.