Agogon gudu na babur: yadda ake gano cutarsa

Duk wanda ya tsaya bakin tashar mota ta Maraɗi ko ta Damagaram, ya duba baburan da ƴan kabu-kabu ke jerawa, zai ga da yawa daga cikinsu allurar agogon gudu tana kwance bisa sifili ko da babur yana tafiya. In an tambayi mai shi, sai ya ce ai babur na tashi, birki na kamawa, agogo ado ne kawai. Wannan kuskure ne mai tsada, domin agogon nan, wanda makanikai ke kira kwantar, ayyuka biyu gare shi: yana nuna saurin tafiya, yana kuma ƙidaya kilomitocin da aka ci.

Mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 cikin daƙiƙa guda. Mai gudun 60 yana cin kusan mita 17. In kuwa aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin babur ya tsaya yakan ninku sau huɗu. Ido kaɗai ba ya iya auna wannan, balle a kan miƙaƙƙiyar hanya inda iska ke ruɗin mutum. Ƙidayar kilomita kuma da ita ake sanin lokacin sake man inji kamar yadda littafin babur ya faɗa, da ita malamin gona ko ma'aikacin lafiya mai zagaya ƙauyuka ke cika takardar tafiyarsa, ita ce kuma mai sayen tsohon babur ke fara dubawa.

Yadda yake aiki

Irin agogon da ya fi yawa a ƙananan babura tsohuwar dabara ce, wadda wani injiniya Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi wa rajista a shekarar 1902. A cibiyar ƙafar gaba akwai ɗan ƙarfe ko roba mai haƙora wanda ke juyawa tare da ƙafar. Shi ne ke murza wata waya ta ƙarfe da ke cikin kube, wadda bakinta ke da kusurwa huɗu. Wayar ta hau har cikin agogo, inda take juya maganaɗisu a cikin wani ɗan ƙoƙo na alminiyam. Maganaɗisun ba ya taɓa ƙoƙon, amma juyawarsa na haifar da ƴar wutar lantarki a jikinsa, wadda ke jansa. Wannan wuta ana kiranta da sunan masanin Faransa Léon Foucault. Allura tana manne da ƙoƙon, wani siririn ƙarfe mai naɗi irin na cikin agogon hannu kuma yana riƙe ta. Gwargwadon saurin maganaɗisu, gwargwadon nisan da allura ke yi. Wayar nan guda ita ce kuma ke tura lambobin ƙidaya.

Abin da alamu ke faɗi

Sanin wannan tsari shi ne rabin gyara, domin kowace cuta da alamarta. In allura ta mutu, lambobi ma sun tsaya, to juyawa ba ta isowa sama: laifin na waya ne ko na haƙoran cibiya. In lambobi suna ƙidaya amma allura ba ta motsi, waya lafiyarta lau, ɓarnar tana cikin agogon kansa, kuma sayen sabuwar waya asarar kuɗi ce. In allura tana rawa, tana tsalle sama da ƙasa, galibi waya ce ta bushe, ko ta lanƙwashe, ko silinta ya fara tsinkewa yana sarƙewa cikin kube. In kuwa ana jin ƙara kamar kukan ɓera daga kan babur, bushewa ce, ko a wayar ko a inda take shiga agogo. Ƙurar hunturu da girgizar hanyar burji su ne manyan masu jawo waɗannan.

Gwaji daki-daki

Ana farawa da abin da ba ya cin ko dala. A duba dunƙulen da ke ɗaure waya a gindin agogo da na wajen cibiya, domin girgiza na kwance su. In suna ɗaure, sai a kwance na sama, a ɗaga ƙafar gaba, wani ya juya ta da hannu wajen gaba, a zuba wa bakin wayar ido. In yana juyawa, a ɗan riƙe shi da yatsu: wayar da ta tsinke a tsakiya takan yi kamar tana juyawa, amma da an taɓa ta sai ta tsaya.

In bakin bai juya ba, a zaro wayar daga kubenta. Tsinkakkiya za ta fito guntu. Mai lafiya kuma a shimfiɗa ta bisa tebur a mirgina ta. In tana tsalle, ta lanƙwashe. A duba bakinta ko kusurwoyin sun cinye sun koma kewayayye, domin irin wannan baki sai ya yi ta zamewa. Bayan haka a mayar da ita cikin agogo, a murza ta da sauri daga ƙasa tsakanin yatsu, ta wannan gefe da wancan. In allura ta zabura, agogo na da rai.

Waya lafiya, agogo lafiya, sai a koma cibiya. Nan ne ake yawan samun ɓarnar da ke biyo bayan faci. Akwai ƴan kunnuwa da dole su shiga gurbinsu in ana mayar da ƙafa. Mai facin da ke gaggawa yakan ɗaure ba tare da sun zauna ba, sai su lanƙwashe ko su karye. Saboda haka duk agogon da ya mutu ranar da aka cire ƙafar gaba, a fara neman cutarsa nan. Haƙoran roba kuma rairayi na cinye su in giris ya ƙare.

Wajen mayar da waya a wanke ta, a shafa mata giris kaɗan, amma a bar kamar taƙi guda na sama ba a shafa ba, don kada maiƙo ya hau cikin agogo ya danne allura. A bi da kuben ta hanyarsa ta asali, ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba.

Masu lantarki

Yawancin sababbin babura masu nuna lamba bisa gilashi ba su da wayar da ke juyawa. Wata ƴar na'ura ce kusa da ƙafa ko a jikin inji ke ƙidaya wucewar maganaɗisu ko haƙoran ƙarfe, ta aika da saƙo ta wayar wuta. In gilashin ya mutu gaba ɗaya, a duba fiyus da batir. In yana da haske amma yana nuna sifili, a goge na'urar daga laka da garin ƙarfe, a duba ko ta goce daga mazauninta, a bi wayar ko ta tsinke wajen wuyan babur, a kuma duba mahaɗa ko ta yi tsatsa.

Agogo mai ƙarya

Akwai agogon da ke aiki amma ba ya faɗin gaskiya. Sau da yawa girman taya ne dalili. Taya mai lamba 2.50-17 tana juyawa wajen sau 570 a kilomita. Mai lamba 2.75-17 kuwa wajen sau 557. Wanda ya sa babbar a madadin ƙaramar, agogonsa zai rage masa kimanin kashi 2 cikin 100.

Awonsa ba wuya. A kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Birnin Ƙwanni, Maraɗi, Tasawa da Damagaram, a nemi wuri marar cunkoso inda duwatsun kilomita biyu ke tsaye a jere. A riƙe allura bisa 40, wanda aka goya ya duba lokaci. Kilomita guda ya kamata ya ci daƙiƙa 90. A gudun 30 daƙiƙa 120 ne, a gudun 60 kuwa minti guda cif. Wayar hannu mai nuna taswira ita ma tana iya wannan awo. In agogo ya ɗara gaskiya kaɗan, ba laifi, haka masu ƙera shi suka nufa. Wanda ke nuna ƙasa da gudun gaskiya shi ne abin tsoro, domin mai shi yana tsammanin yana cikin doka alhali ya wuce ta.

Waya da haƙoran cibiya suna cikin kayan gyara mafi araha, aikinsu kuma bai fi na sa'a guda ba. Shugabannin ma'aikatu masu baburan gwamnati da masu ba ƴan kabu-kabu haya ya kamata su sa duba agogo cikin abin da ake yi kowane wata, tare da birki da fitila. Rigakafi ya fi magani.